Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Kula da Tsofaffin Gidajen Karkara na Ingila, a Kan Makomar Bargar Dawaki

Zuwa ga shugabannin National Trust da English Heritage, ƙungiyoyin da ke riƙe da gidajen tarihi suna buɗe su ga jama'a, da Historic England, hukumar gwamnati mai kula da rajistar gine-ginen tarihi, da amintattun da ke riƙe da sauran manyan gidajen tarihi na karkarar Ingila.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan takarda ne a madadin wasu iyalan Hausawa mazauna arewacin Ingila, waɗanda suka mayar da ziyartar waɗannan gidaje al'adarsu a ranakun hutu, suna biyan kuɗin shiga, wasunsu ma suna da katin zama mamba na shekara. Ni mai zanen gine-gine ne, kuma na tashi a gidan da ake ɗaure doki, shi ya sa 'yan'uwa suka ɗora mini wannan nauyi. Na rubuta da Hausa domin mutanenmu na gida da na waje su ga abin da muka faɗa da sunansu.

Wajibi ne in fara da godiya. Tun daga 1895 da aka kafa National Trust, musamman bayan dokar 1937 da ta ba ta damar karɓar manyan gidaje daga hannun iyalan da nauyin ya fi ƙarfinsu, an ceci dukiyar da da tuni ta zama kufai. Kukanmu ya tsaya ne a kan sashe guda na waɗannan gidaje, wato farfajiyar barga, wadda muke ganin ana gyara bangonta da rufinta, ana kuma kwashe abin da ke cikinta kaɗan-kaɗan, har ta kai mai ziyara yana shiga ya fita bai san cewa doki ya taɓa kwana a wurin ba.

Mu mutanen doki ne, kuma ba sai an yi mana dogon bayani a kan darajar barga ba. A fadar Kano akwai Shamaki, wanda kula da dawakin sarki ke cikin aikinsa tun zamanin da, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Mun san cewa kwalliyar da ake gani ranar hawa, a barga aka yi ta, da asuba, hannun masu share turke da masu yankan ciyawa. Da wannan ido muke kallon gine-ginenku, kuma abin da muka gani ya sa mun yi imani cewa magabatanku sun ɗauki barga da nauyin da ku ba ku ɗauke ta da shi ba a yau.

A duba Chatsworth da ke Derbyshire. Daga ƙarshen shekarun 1750, James Paine ya gina wa Duke na huɗu na Devonshire barga mai ɗaukar dawaki 80, da ƙatuwar ƙofa mai baka, da ginshiƙan dutse, da hasumiyar agogo a kai, ginin da baƙo zai iya ɗauka shi ne gidan kansa. A Althorp, Roger Morris ya yi wa bargar da ya gina a farkon shekarun 1730 shirayi mai ginshiƙai irin na cocin St Paul da Inigo Jones ya gina a Covent Garden ta Landan, kuma masana da yawa suna ganin ta fi gidan da take yi wa hidima kyan tsari. A Wentworth Woodhouse kusa da Rotherham, John Carr ya fara gina barga a 1768 domin Marquess na biyu na Rockingham, mutumin da ya riƙe muƙamin Firayim Minista sau biyu, kuma an tsara ta domin dawaki 84, haɗe da zauren koyon hawa mai rufi. Babu mai zuba irin wannan dukiya a kan abin da yake ganin ƙasƙantacce ne. A wancan zamani doki shi ne mota, shi ne abin farauta da tsere, shi ne kuma abin da ake auna girman mutum da shi tun daga bakin ƙofarsa.

Sai dai gwanintar masu ginin ba a fuskar ginin ta fi bayyana ba. Tana ciki, a ƙasa da kuma can sama kusa da rufi, inda mai sauri ba ya kai ido. An jera ɗakunan a kewaye da fili mai kusurwa huɗu, da babbar ƙofa guda, domin iskar hunturu kada ta ratsa, kuma shugaban barga yana tsaye a wuri ɗaya ya ga duk mai shiga da mai fita. Kowane doki yana da gurbinsa, faɗinsa wajen ƙafa shida, an raba shi da na maƙwabcinsa da shingen katako wanda ya fi tsawo ta wajen kai domin kada su ciji juna. Daɓen ƙasa na ƙonannen bulo ne mai tauri, an tsattsaga shi domin kofato ya sami abin kamawa, an kuma ɗan karkata shi zuwa wata siririyar kwata da ke bayan dawakin. Karkatar nan lissafi ne mai wuya: in ta yi kaɗan fitsari ya kwanta ya ruɓar da kofato, in ta yi yawa doki ya kwana yana dogara nauyinsa a kan ƙafafun baya har jijiya ta gaji. Tagogi suna sama, yadda haske zai shiga ba tare da ya doki idon dabba ba.

A tsofaffin gine-ginen ana ajiye ingirici a bene, a riƙa zuro shi ta wata kafa kai tsaye zuwa cikin ragar da ke saman kan doki. Daga baya, a ƙarni na 19, masu kiwo suka lura cewa ƙura na zuba a idon doki kuma zarnin ƙasa yana hawa ya ɓata abincin, sai aka sauko da ragar, aka huda bututun fitar da iska har saman rufi, aka kuma fara yin ɗakuna masu faɗi inda doki zai juya ya kwanta ba a ɗaure ba. Kamfanonin ƙarfe irin su Musgrave na Belfast suka riƙa ƙera komin abinci da ginshiƙai da raga suna aikawa ko'ina. Ɗakin sirdi kuwa an lulluɓe bangonsa da katako, an sa masa murhu, domin a ƙasa mai laima irin wannan fata ba ta daɗewa sai fumfuna ta kama ta. Agogon da ke kan hasumiya shi ke tashin ma'aikatan gandun gaba ɗaya, a lokacin da talaka ba shi da agogon kansa. Duk wanda ya iya karatun gini zai iya gane shekarun barga daga inda aka sa ragar ciyawa kawai, kuma waɗannan su ne abubuwan da ake fara cirewa idan an zo gyara.

Wannan shi ne kukanmu na farko. Saboda barga tana kusa da wurin ajiye motoci, kuma tana da fili da manyan ƙofofi, ita ake mayarwa wurin sayar da tikiti, da kantin tsaraba, da gidan shayi, da banɗaki. A Chatsworth wuraren cin abinci da kantuna ne a farfajiyar Paine. A gidan Wimpole kantuna ne a bargar da aka gina a 1851. Ba mu ce haramun ne ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda aikin ke gudana a wurare da dama: a cire shingen katako domin a sami wurin jera tebura, a zuba siminti a kan daɓen domin ya daidaita, a toshe bututun iska domin ɗumi kada ya fita, a rufe kafar ingirici da silin. Kowane ɗaya a cikinsu ƙaramin aiki ne mai hujja, amma idan suka taru sai a wayi gari ginin ya rasa bakin da zai faɗi aikinsa.

A wani gida da ba zan ambaci sunansa ba, muna zaune muna shan shayi ɗiyata ta tambaye ni amfanin wani zoben ƙarfe da ke maƙale a bango daidai kafaɗarta, wanda aka rataya wa allon farashin waina. Na ce mata nan ake ɗaure ragama. Na nuna mata inda zoben ya suɗe ta gefe guda saboda gogar igiya, na kuma nuna mata wani layin siminti mai launi dabam da ya ratsa ƙarƙashin kujerunmu, na ce kwata ce aka cike. Ta waiwaya ta ce, "To Baba, me ya sa ba su rubuta ba?" Babu ko takarda ɗaya a ɗakin da ke cewa barga ce. Ni na iya ba ta amsa domin sana'ata ce, kuma na ga irin wannan zobe tun ina yaro. Sauran yaran da suka cika ɗakin a ranar sun sha lemonsu sun tafi.

Kuka na biyu ya shafi sassan da ba sa kawo kuɗi. Idan mutum ya zaga bayan farfajiyar da aka yi wa fenti, sau da yawa zai tarar da ɗakin keken doki, da maƙera, da benen da 'yan barga ke kwana, duk a kulle, indararo ya toshe da ganye, ciyawa ta tsiro a kan katanga, ruwa na bin bango. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Ingila ruwan sama ne ƙadangaren. Fallen dutse ɗaya da ya goce a rufi ya isa ya jiƙa kan azara, daga nan ruɓa ta bi katakon, kuma gyaran da da leburori biyu za su gama da tsani a yini guda sai ya koma aikin da ke neman tallafin gwamnati. Wani lokaci ma gyaran ne ke yin ɓarna, domin idan aka cike tsakanin tsohon bulo da siminti maimakon kwaɓin farar ƙasa irin wanda aka yi ginin da shi, danshi ba ya samun hanyar fita sai ta jikin bulon, sanyi ya zo ya daskarar da shi ya farfasa fuskarsa.

Abin ya fi muni inda gidan ya rushe barga ta zama marainiya. An rushe gidan Cassiobury na Watford a 1927, na Clumber a 1938, babban ginin Eaton Hall na Cheshire kuma a farkon shekarun 1960, kuma a dukkansu barga ta tsira. Clumber ta yi sa'a ta faɗo hannun National Trust. Da yawa ba su sami wannan gata ba, an sayar da su an yanyanka su gidajen kwana, kuma ba kowane lokaci aka auna ko aka ɗauki hoton cikinsu kafin a fara fasa ba. Mun san cewa doka ta ba da kariya ga ginin da ke cikin harabar gidan da aka yi wa rajista a matsayin ginin tarihi, matuƙar yana nan tun kafin 1 ga Yuli 1948. Amma kariyar da ta zo ta hanyar raɓuwa da wani gini ba ta kai wadda aka rubuta da sunan ginin kansa ba. Yawancin tsofaffin bayanan rajista sun siffanta fuskar gini ne a 'yan layuka, ba su ce komai a kan cikinsa ba, saboda haka jami'in ƙaramar hukuma da aka kawo wa takardar neman izini ba shi da abin da zai dogara da shi ya ce a bar wannan shinge ko wancan daɓe. Ga kuma haraji, wanda ya juya wa gyara baya: mai gyaran tsohon gini yana biyan kashi 20 cikin 100 na harajin VAT, mai gina sabon gida ba ya biya, kuma rangwamen da ake yi wa wasu ayyuka a gine-gine masu rajista an soke shi a 2012.

Kuka na uku shi ne wanda ya fi taɓa mu, domin ya shafi mutane. Duk wanda ya shiga National Gallery, gidan adana zane-zane na Landan, zai ga zanen Whistlejacket, ingarman Marquess na Rockingham da na ambata, wanda George Stubbs ya zana wajen 1762 da girmansa na gaske, yana tsaye a kan ƙafafun baya. An san shekarar haihuwarsa, 1749. An san ubansa, an san kakansa, wato dokin nan da ake kira Godolphin, wanda ya iso Ingila ta hanyar Tunis da Faransa, ɗaya daga cikin ingarmu uku da dawakin tsere na Ingila suka samo asali daga gare su. Asalin doki a rubuce yake kaka da kakanni. Mai kula da shi kuwa, Cobb, an fi tunawa da shi ne saboda Stubbs ya sa shi a wani zanen tare da dawakin. Sauran fa? Barga mai dawaki 84 ba mutum biyu ko uku ke riƙe ta ba. Akwai shugaban barga, da matuƙan keken doki, da masu sharce dawaki, da maƙeri, da yara ƙanana masu kwashe taki waɗanda ke kwana a saman dabbobin suna samun ɗumi daga numfashinsu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 soja suka kwashe dawaki, samarin barga da yawa suka bi su, mota kuma ta zo ta gaje ɗakunan. Wannan labari ne babba, kuma littattafan albashi da takardun ƙidaya suna nan a ma'ajiyar tarihi ta gundumomi. A 2020 National Trust ta fitar da rahoto a kan alaƙar gidaje 93 da mulkin mallaka da cinikin bayi, abin da ya nuna cewa kuna da masu binciken da za su iya tono abin da ke cikin tsofaffin takardu idan an ba su aikin. Muna ganin 'yan barga sun cancanci irin wannan ƙoƙari.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi: rufi ba ya gyaruwa da fatar baki, kuma kuɗin shayin nan da muke kuka da shi yana cikin abin da ke biyan magina. Wentworth Woodhouse ta ishe mu misali. An haƙa kwal a fili har kusa da ƙofar gidan daga 1946, kwalejin horar da malaman motsa jiki mata ta zauna a ciki shekaru masu yawa ta mayar da sassan bargar wuraren karatu da atisaye, sannan gidan ya daɗe yana yoyo. Sai da gwamnati ta ware fam miliyan 7.6 a 2016 domin gyaran gaggawa, amintattu kuma suka saye shi a 2017 a kan fam miliyan 7. Wanda ya ɗauki irin wannan kaya dole ya nemi hanyar da ginin zai ciyar da kansa, kuma muna jinjina musu.

Amma ku da kanku kun nuna cewa neman kuɗi da riƙon amana suna iya tafiya tare. A Seaton Delaval da ke Northumberland, wadda National Trust ta karɓa a 2009, gurabun dawakin na dutse suna nan daram a ƙarƙashin manyan bakuna, sunayen dawakin a rubuce a saman kowane gurbi, kuma mutane kan yi shiru idan sun shiga. A Calke Abbey kun zaɓi ku tsayar da lalacewa ba tare da kun goge alamun tsufa ba, saboda haka bargar tana nan da tarkacenta. A Audley End kuwa English Heritage ta dawo da dawaki masu rai cikin tsohuwar bargar, yaro yana jin haniniya da ƙarar kofato a kan bulo, yana shaƙar warin wurin, ya fahimci dalilin kwata da bututun iska ba tare da an karanta masa komai ba. A ganina wannan ya fi kowane allo na bayani, ko da yake na san ba kowane gida zai iya ɗaukar nauyinsa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Muna roƙon National Trust da English Heritage su mayar da shi ƙa'ida a rubuce cewa a kowace farfajiyar da za a sauya wa aiki, za a bar aƙalla jeri ɗaya na gurabun dawaki yadda yake, da shingensa da kominsa da ragarsa da daɓensa da kwatarsa, a buɗe ga kowa ba tare da sai ya sayi wani abu ba. Inda ya zama dole a daidaita ƙasa domin masu keken guragu da tsofaffi, wanda haƙƙinsu ne, a shimfiɗa daɓen da za a iya ɗagawa a kan tsohon, kada a zuba siminti. Abin da aka cire a sa masa lamba a adana shi a cikin gidan.

Muna roƙon Historic England ta sake duba rajistar gine-ginen barga, ta ba waɗanda suka cancanta rajista da sunansu, ta kuma sabunta bayanan yadda za su ambaci kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta shawarci ƙananan hukumomi kada su ba da izinin sauya barga sai an auna ta, an zana ta, an ɗauki hotunanta, an ajiye a inda jama'a za su iya gani. Muna kuma roƙon ku haɗa murya ku ci gaba da matsa wa Baitulmali lamba a kan harajin gyara, domin ku ake saurare, ba mu ba.

Game da sassan da ke kulle, roƙonmu ƙarami ne: a ware kuɗin share indararo da duba rufi kafin hunturu da bayansa, a kuma riƙa buɗe benen 'yan barga ko da 'yan kwanaki ne a shekara, da sunayen waɗanda suka kwana a ciki da abin da ake biyansu, gwargwadon abin da takardu suka nuna. Inda fili ya ba da dama, a gayyaci masu dawaki na yankin su kawo su lokaci-lokaci. Ga amintattun Wentworth Woodhouse kuma, tun da aikin bargarku bai kammala ba, tun ran gini ake zane: muna fata za a keɓe wa dawakin da mutanensu wuri tun a kan takardar tsari, kafin ɗakin girki da zauren biki su cinye filin.

A namu ɓangaren, akwai masu zane da injiniyoyi da malaman makaranta a cikinmu da suka yarda su ba da lokacinsu kyauta wajen awo, da ɗaukar hoto, da karanta tsofaffin littattafan albashi, da fassara bayanan ziyara zuwa Hausa. Muna jiran amsarku a fili, kamar yadda muka rubuto a fili, kuma a shirye muke mu zo duk inda kuka kira mu.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai zanen gine-gine, ɗan Zariya mazaunin Sheffield,
a madadin iyalan da suka wakilta shi.